Zuwa ga Basarken Gummi, mai jirgin da mansa ke ƙaruwa

Basarke, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina ruwa, ina ƙarni? Ka gaishe min da 'yan kifayen da suka rage a Gulbin Gindi, waɗanda komarka ba ta kai gare su ba tukuna.

Labarinka ya iso Anka tun kafin rigarka ta bushe. Direbobin Daki Takwas ne suka ɗauko shi, 'yan kabu-kabu suka raba shi unguwa-unguwa, har ya same mu a mahauta muna fiɗa. An ce ka sayar da shinkafar bara da bijimin nan da ka hana mu, ka tafi Legas ka dawo da farin jirgin roba na hannu, irin na masu kuɗi, mai sitiyari da kujerun soso, ka ce daga yau kada a ƙara ce maka mai fito, a ce Kyaftin. An ce ka hana a sa buhu ko akuya a ciki, wai jirgin shaƙatawa ne, na angwaye da 'yan bokon da ke zuwa gida hutu. Kuma an ce ranar da ka ɗebi baƙi ka gangara da su yamma wajen Kebbe, inji ya yi tari ya yi shiru a tsakiyar ruwa, alhali allurar gejin mai tana tsaye ƙyam a kan cike. Wani tsoho mai kwale-kwalen katako ne ya ɗaure ku da igiya ya jawo ku gaɓa. Ba don shi ba, da yanzu a Jega ake cigiyarka.

Mutuwar inji ba abin dariya ba ce, kowa injinsa na mutuwa. Abin da ya sa wuƙa ta kusa faɗuwa daga hannuna shi ne abin da aka ce kana faɗa a kasuwa makonni kafin ranar. Wai kana tara mutane kana bugun ƙirji: "Wanga jirgi ba shi shan mai, ƙaruwa man ka yi!" Ka fita da safe allura tana ƙasa, ka dawo da yamma ta hau. Ka ce tsarin kakanni ne ya bi jirgin. In ka juye jarka guda a tanki allura ta faɗi, sai ka koma ka yi wa ɗan bumburutu tas, wai mansa ne ba shi da albarka. Yaron nan ya sha zagi a banza, kuma ina ganin ya kamata ka kai masa kifi ka ba shi haƙuri.

Za ka ce ina Barunje ya san inji. Tambaya na yi, abin da Basarke ba ya yi, don shi a ganinsa duk abin da ya taɓa ruwa gadon gidansu ne. To saurara ka ƙaru.

Allurar nan da kake kallo ba ta taɓa ganin mai ba tun da aka ƙera ta. Labari ake aiko mata ta waya. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a kan man, kamar goran da kakanninka ke kifa ciki a kai su ƙetare gulbi: ruwa ya hau gora ya hau, ruwa ya sauka gora ya sauka. Ɗan goran nan yana maƙale a bakin wani siririn ƙarfe, gindin ƙarfen kuma yana goga wani faifai mai rage ƙarfin lantarki ko ya ƙara shi. Yawan turjiyar da lantarki ya tarar a faifan shi ne saƙon da ke isa wurin allura. Ana auna turjiyar da wani ma'auni da ake kira om.

A nan gizo ke saƙa. Amurkawa sun tsara nasu a kan om 240 idan tanki ya ƙare, om 33 idan ya cika. Turawan Turai suka juya abin, nasu om 10 ne idan babu mai, om 180 idan ya cika. Wato abin da ke nufin "babu" a Amurka shi ke nufin "cike" a Turai. Jirginka ɗan Amurka ne, goransa ɗan Amurka, amma fuskar gejin ta fashe a hanya, ka shiga kasuwar kayan gyara ka tsinto wata mai sheƙi 'yar Turai don ta fi araha, ka sa yaron makanike ya haɗa. Tanki yana ihu yana cewa na bushe, allura tana jin cewa na cika. Ga albarkar taka nan, Kyaftin. Araha ba ta ado.

Kada ka ce to shi ke nan, a sauya fuska magana ta ƙare. Ko an haɗa komai daidai, gejin jirgin ruwa maƙaryaci ne fiye da na mota, kuma yana da dalilansa. Tankin da ake binnewa a cikin jirgi yakan bi siffar cikin jirgin, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Goran kuwa tsayin mai yake aunawa, ba yawansa ba. Idan ya sauko tsakiya allura za ta ce rabi, alhali man da ya rage a tsukakken gindin bai kai rabi ba. Shi ya sa allura takan daɗe a sama tana yanga, sannan daga rabi zuwa ƙasa ta zube a guje. Ga kuma tangaɗi. Mota a kan titi take, shimfiɗe. Jirgi kuwa da ka murɗa wuta sai ya ɗaga hanci, mai ya kwarara baya, in goran yana can baya ya tashi sama ya ce akwai mai. Ka rage wuta hanci ya sauka, allura ta faɗi. Fasinjoji uku masu ƙiba su koma gefe ɗaya don ɗaukar hoto, lissafi ya sake sauyawa. Sannan tiyon da ke zuƙo mai ba ya kaiwa ƙasan tanki sosai, da gangan aka yi shi haka don kada ya kwaso datti da ruwan da ke kwanciya a gindi, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Saboda haka akwai 'yan litocin da suke cikin tanki amma inji ba zai taɓa shan su ba.

Tsatsa ma tana da nata aikin, kuma wurin da kake sana'a ba a rasa laima. Idan waya ta yi tsatsa turjiya takan ƙaru. A geji ɗan Amurka wannan zai sa allura ta nuna ƙasa da abin da ke akwai, ka sayi man da ba ka buƙata, asarar ba ta wuce aljihu ba. A ɗan Turai kuwa tsatsa tana sa allura ta nuna fiye da abin da ke akwai. Wannan ita ce ƙaryar da ke kwanar da mutum a ruwa.

Masu jiragen shaƙatawa na gaske, waɗanda kake kwaikwayo, sun daɗe da sanin haka. Kulob ɗin masu jiragen ruwa na Legas tun 1932 yake, kakanka na kan gora a lokacin. Masu fita daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay da Ilashe ran Lahadi, da takwarorinsu na Amurka da Ingila, duk wanda ya san abin da yake yi a cikinsu ba ya jingina ransa da allura. Suna da wata ƙa'ida da ake koya wa kowane sabon matuƙi: a raba mai kashi uku, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a bar shi ba a taɓa ba. Masu kuɗin cikinsu suna sa wata na'ura a kan tiyo mai ƙirga kowace lita da ta wuce zuwa inji. Marasa kuɗin suna rubuta awannin da inji ya yi yana aiki a ɗan littafi. Kai ka kwaso hular kyaftin ka baro littafin a Legas.

Kuma su a kan tafki da bakin teku suke yawo. Kai a kan gulbi kake, mai gangara, wanda da rani jaki ke ratsa shi da ƙafa amma a watan Agusta ya cika ya batse yana jan itatuwa. Wannan ko ɗan Sarkawa mai shekara bakwai ya sani: gangarawa kyauta ce, haurowa ita ce da kuɗi. Man da ya kai ka yamma ba zai dawo da kai gabas ba. Mai hankali idan zai yi yawon banza da baƙi, gabas yake fara nufa, wajen Bukkuyum, ya ci ƙarfin ruwa tun tanki yana da nauyi. In inji ya mutu a can, gulbin da kansa zai rako shi gida. Kai da aka haifa a bakin ruwa ka fara da gangara don baƙi su ji iska su ce Kyaftin ya iya gudu. Ni da aka haifa a bakin kwata nake tuna maka.

Bari in kai ka sama, ka ga ba kai kaɗai ne gwani ba. Ran 23 ga Yuli 1983, wani sabon jirgin sama ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi daga Montreal zai je Edmonton da mutum 69 a ciki. Gejin mansa ba ya aiki, an kuma san da haka. Sai ma'aikata suka auna man da sandunan awo da ke ƙarƙashin fukafukai, wanda ba laifi ba ne. Inda aka yi ɓarna wurin lissafi ne. Kanada tana cikin sauya ma'auni daga fam zuwa kilo a lokacin, jirgin kuma yana buƙatar kilo 22,300 na mai. Aka yi lissafi da fam, aka tashi da fam 22,300, wanda bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Suna tsayin ƙafa 41,000 mai ya fara ƙarewa, ba a jima ba injuna biyu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa matuƙin, Robert Pearson, ya saba tuƙa jirgi mara inji don nishaɗi. Ya lallaɓa da shi ya sauka a wani tsohon filin jiragen soja a garin Gimli, wanda aka mayar da wani ɓangarensa filin tseren motoci, kuma ba wanda ya mutu. Bambancinka da shi, shi ya iya tuƙi ba inji. Kai an ce ko filafili babu a jirginka, wai yana ɓata ado.

Na kawo maka wannan ne don irin ramin da suka faɗa yana nan a gabanka. A jikin tankinka an rubuta yawan abin da yake ci da galan, galan ɗin Amurka, wanda bai cika lita 4 ba, lita 3.8 ne. Galan ɗin Ingila ya haura lita 4 da rabi. Galan ɗin ɗan bumburutu kuwa sunansa lita 4, amma ya danganta da yadda rana ta gasa robar da yadda aka lotsa gindinta. Ka zuba galan goma a bakin kasuwa, ka zo ka ce tanki ya sha galan goma, wane daga ciki?

Ga lissafin da za ka iya riƙewa a ka, tunda na san alƙalami ba ya zama a hannun mai santsin kifi. Inji mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, idan aka murɗe shi ƙarshe yana shan tsakanin lita 15 da 20 a awa ɗaya. Jan tankin nan na ɗauka da ke zuwa da irin waɗannan injuna lita 24 ko 25 yake ci. Wato kafin awa biyu ka gama da shi idan kana burga. Ka sassauta hannu kaɗan, gudu ba zai ragu sosai ba amma shan mai zai ragu ƙwarai. Litar fetur nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne, cikakken jan tanki ya kai kilo 18 ban da nauyin tankin kansa. Shi ya sa masu fiton da kake rainawa, waɗanda ke ɗaga tanki su jijjiga su saurara, suka fi allurarka gaskiya. Ɗan kabu-kabu ma haka yake yi: ya buɗe murfi ya leƙa, ya karkaɗa babur tsakanin cinyoyinsa, kuma yana da rizab ɗin da zai murɗa ya kai shi gidan mai. A tsakiyar Gulbin Gindi babu rizab, babu gidan mai, babu turi.

Naka tankin a binne yake, ba ya ɗaguwa, don haka ga abin yi. Ka sa a ɗauro fuskar gejin da ta dace da goran. Ka zuƙe tanki ya bushe. Jirgi yana kan ruwa a tsaye, ba kowa a ciki, ka riƙa zuba lita biyar-biyar da mudun da ka tabbatar da shi, kana yin alama a fuskar gejin inda allura ta tsaya. In bakin tankin miƙaƙƙe ne, ka sami tsabtatacciyar sanda ka riƙa tsoma ta kana yi mata tsaga a kowace lita biyar. In wuƙar tsagar ce babu, zan ara maka, da jingina. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka haska cikin tanki da ashana. Tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a cikin jirgi yana jiran irinka.

Na san abin da ke sa ku fita da ɗan mai kaɗan, ba wauta ce kaɗai ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wanda ke cika jarka ya koma sayen galan, mai galan ya koma kwalba. Kashi na ukun nan da aka ce a bari ba a taɓa ba, kuɗi ne kwance da mai fito ke ganin zai iya sayen dawa da su. Ba mu manta da Satumban 2021 ba kuma, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita sayarwa a Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Mai mota ya ja motarsa zuwa famfo, mai jirgi ba shi da yadda zai kai jirginsa gidan mai, sai dai ya ɗebo a jarkar da aka hana. Mu ma mun ji a jikinmu, don rufe kasuwar dabbobi rufe tukunyar Barunje ne. A wannan kam ban yi maka dariya ba.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Ran 14 ga Satumba 2024, makonni bayan ambaliyar da ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu, jirgin katako ɗauke da manoma kusan 70 masu zuwa gonakinsu ya kife a gulbin nan naku, gomman mutane suka rasu. Allah Ya jiƙansu Ya ba iyalansu haƙuri. Ba ƙarewar mai ce ta jawo wannan ba, lodi aka fi ambata, kamar yadda aka ambata a na Warrah da ke Ngaski a jihar Kebbi cikin Mayun 2021, inda fiye da mutum 100 suka salwanta. Amma ka fi ni sanin abin da ke faruwa idan inji ya mutu ruwa yana cike. Jirgi ya daina jin sitiyari, ya ba ruwa haƙarƙari, fasinjoji su firgita su miƙe tsaye su ruga gefe ɗaya. Daga nan zuwa kifewa ba nisa. Baƙinka 'yan birni ne, yawancinsu ba su iya iyo ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta rigar kariya ga kowane fasinja ta kuma hana tafiyar dare. Ko ba hukuma, bakin gulbin yammacin Zamfara ba wurin da mutum zai so magariba ta same shi da baƙi a jirgin da ba ya motsi ba ne a wannan zamani.

To mu koma inda muke. Na san amsar da kake shiryawa, don ba ku da wata: wai Rundawa ne za su koya wa mutane awo, su da ke danna sikeli da babban yatsa su cika tsoka da ƙashi. Ƙarya kake, kuma ko da gaskiya ne, wanda aka tauye wa nama gida yake komawa ya yi miya da abin da ya samu. Mu mutanen Anka a ƙasar zinariya muke zaune, inda ake rigima a kan abin da bai kai giram ɗaya ba, awo a jininmu yake. Ku kuwa har yau da ido kuke sayar da kifi, ku kasa shi kashi-kashi ku ɗora babban a sama. Mutanen da ke cewa suna magana da kada, suna cire ƙaya daga maƙogwaro da tofi, suna sanin zurfin ruwa daga launinsa, yau ga ɗansu wata 'yar allura ta yi wasa da hankalinsa wata da watanni. Da Sarkin Ruwa ya ji da kyau, da ya karɓe hular nan ya ba tsohon da ya jawo ka.

Sharuɗɗan sulhu uku ne. Ka biya tsohon ladan ja, ba godiyar baki ba. Ka sayi filafili biyu da rigunan kariya daidai yawan kujerunka, ka ajiye jarkar lita goma a ƙarƙashin kujerar baya wadda ba za ka taɓa ba ko da amarya ce ta ce a ƙara zagaye ɗaya. Na uku, ka aiko min da giwan ruwa guda, ƙyafaffe, ta hannun direban da ya kawo labarin, don shi ma ya ce ba a biya shi ba.

Ku kuma mutanen Gummi da Bukkuyum da ke karanta wannan shafi, in kun je mashigi kuka ga farin jirgi da mai farar hula yana kiran ku yawon shan iska, kada ku kalli gilashin da zai nuna muku. Ku ce ya tsoma sanda a gabanku, ya nuna muku jarkar ajiya, ya ba kowa rigarsa. In ya fara zancen albarka da kakanni, ku hau na katakon da ke kusa da shi.